Ɗan DE da Mai Canjin Jami'a: Yadda Za Ka Kammala Tare da 'Yan Ajinka

Ranar da aka liƙa sunayen waɗanda suka kammala a allon sanarwa na sashenmu, na bi takardar daga sama har ƙasa sau uku ban ga sunana ba. Can a wata takarda ta gefe na tsince shi, cikin 'yan sifiloba, wato waɗanda sai sun ƙara lokaci kafin su kammala, an rubuta lambar kwas guda ɗaya a gabansa. Kwas ne na aji ɗaya, mai yunit biyu, na Turancin nan da ake koya wa kowane sabon ɗalibi. Faɗuwa ban yi ba, don ko ƙofar ajin ban taɓa leƙawa ba. Da NCE na shigo, kai tsaye aji biyu, wato shigar da ake kira DE (Direct Entry), kuma a shekara ukun da na yi babu wanda ya ce da ni ana bi na bashinsa.

Na shiga ofishin jami'in jarrabawa jikina na rawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ga kuskure aka yi." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, kai ɗan DE ne ko? Buɗe littafin ɗalibai ka duba." Gaskiyarsa. Littafin yana ƙasan akwatina tun ranar da aka ba ni, ko ledarsa ban yage ba. Abokaina suka tafi bautar ƙasa, ni kuwa na sake biyan kuɗin makaranta na dawo na zauna da yaran da suka baro sakandare jiya-jiya.

Abin da ya kayar da ni shi ke kayar da mafi yawan waɗanda suka shigo jami'a daga tsakiya, ko da NCE, ND, HND, IJMB ko JUPEB, ko kuma waɗanda suka baro wata jami'ar suka koma wata. Kana zaune a benci ɗaya da 'yan ajinka, malami ɗaya ke koya muku, sai ka ɗauka lissafinku ɗaya. A wurin jami'a kuwa fayil ɗinka daban, nasu daban. Ga yadda za ka bi abin tun daga ranar farko, kuma 'yan'uwa mata, ku ma da ku nake.

Makon farko: littafin sashe

Kafin ka nemi ɗakin kwana, kafin ka shiga guruf ɗin WhatsApp na aji, je ofishin sashenku ka nemi littafin ɗalibai. Wasu sassan suna sayar da shi, wasu sun ɗora shi a shafinsu na intanet. Tabbatar bugun da ya shafi rukunin da ka tarar ne, domin a nan akwai wani ɗan tarko. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS a watan Disamba na 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ake kira BMAS. A sabuwar, hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, jami'a ta cike sauran kashi 30 da nata. Lambobin kwasa-kwasai sun canza, wasu an haɗe su, wasu an jefar. Jami'o'i ba a rana ɗaya suka koma sabuwar ba, don haka a sashe guda za ka iya samun 'yan ajin ƙarshe a kan tsohuwa, na ƙasa a kan sabuwa. Idan wani babban yaya ya miƙo maka tsohon littafinsa, karɓi ka yi godiya, amma kada ka yi rijista da shi.

Abu huɗu za ka nema a ciki, ka ja musu layi da biro. Yunit nawa ake so ɗan DE ya tara kafin a sallame shi. Waɗanne kwasa-kwasai ne tilas, waɗanne ne na zaɓi. Waɗanne ne na aji ɗaya da aka ce sai ɗan DE ya koma ya ɗauka. Sannan shekara nawa aka yarje maka ka zauna kafin a ce lokacinka ya ƙare.

Ma'aunin NUC a digiri mai shekara huɗu shi ne aƙalla yunit 120 ga wanda ya shigo ta UTME, wato jarrabawar JAMB ta shiga aji ɗaya, 90 ga ɗan DE. A mai shekara biyar, irin injiniyanci, 150 ne da 120. Wannan ƙasan ma'auni ne kawai. Sassa da dama suna neman fiye da haka, kuma abin da littafin sashenku ya faɗa shi ne hukunci a kanka. Na sha jin ɗalibi yana jayayya yana cewa ai NUC 90 ta ce. Jami'in jarrabawa ba zai saurare ka ba, kuma bai yi laifi ba.

Zana bashin da ake bin ka

Samo farar takarda babba, ka raba ta gida shida, kowane gida zangon karatu ɗaya, tunda shekara uku ke gabanka. Cike kowane gida da kwasa-kwasan tilas na wannan zangon, da yunit ɗin kowanne a gefe. Sai ka koma shafukan aji ɗaya, waɗanda kake ganin ba su shafe ka ba, ka karanta su a hankali.

A nan kwasa-kwasan gama-gari suke, waɗanda kowane ɗalibi ke yi ko me yake karantawa. A sabuwar manhaja akwai GST 111 na sarrafa harshen Turanci, da GST 112 na al'ummomi da al'adun Najeriya, duk a aji ɗaya. A aji biyu akwai GST 212 na falsafa da mandiƙi, da ENT 211 na dabarun sana'a. A aji uku akwai GST 312 na zaman lafiya da sasanta rikici, da ENT 312 na kafa kasuwanci. Sunan rukunin ya danganta da jami'a: a Bayero an saba da GSP, a ABU Zariya GENS. Wata jami'ar tana yafe wa ɗan DE na aji ɗaya gaba ɗaya, wata ta ce sai ya yi su duka, wata kuma ta ware masa nasa kwas na musamman da lambarsa daban. Kada ka yi hasashe. Cewa ka yi irin wannan kwas a kwalejin ilimi ko a kwalejin fasaha bai isa hujja ba, sai in jami'ar ce ta faɗi haka a rubuce.

Sai kuma kwasa-kwasan da ke da sharaɗi, waɗanda ba a barin ka ɗauke su sai ka ci na ƙasa da su. A lissafi, kimiyyar sinadarai, kwamfuta da lissafin kuɗi abin ya fi yawa. Ja kibiya daga kowane kwas zuwa wanda ya dogara da shi. Duk inda ka ga kibiya ta taso daga aji ɗaya ta faɗa aji biyu, to wannan tambaya ce da za ka kai wa lebul kodineta, wato malamin da ke kula da ajinku: an ɗauka takardata ta biya wannan, ko sai na yi?

Idan ka gama, tara yunit ɗin kowane gida. Ba a yarda ɗalibi ya ɗauki ƙasa da 15 ko sama da 24 a zango ɗaya ba, sai da izini na musamman. Za ka ga aji biyunka ya fi na kowa cika, domin ga kayan ajinku ga bashin aji ɗaya. Haka ya kamata ya kasance. Biya bashin a shekarar farko, tun ƙarfe na da zafi. Wanda ya ce bari sai aji uku, yakan tarar lokacin laccar ya ci karo da wata, ko ranar jarrabawa ta zo ɗaya da ta babban kwas.

Wurin lebul kodineta

Da wannan takardar za ka je wurinsa. Kada ka je hannu rabbana kana cewa, "Malam, me zan yi rijista?" Yana da ɗalibai ɗari biyu ko fiye, zai nuna maka jerin da aka liƙa a ƙofa, wanda aka tsara don 'yan UTME. Gaishe shi yadda ya dace, ka faɗa masa tun a jimlar farko cewa kai ɗan DE ne, ka shimfiɗa takardarka ka ce, "Ranka ya daɗe, ga yadda na fahimta, a duba mini ko akwai inda na tsallake." Malamai na son ɗalibin da ya yi rabin aikin kafin ya zo.

Duk abin da ya ce an yafe maka, roƙe shi ya nuna maka inda aka rubuta. Malamin da ya ce da kai "ba komai, bar shi" yana iya tafiya ƙarin karatu Malesiya ko a canza masa aji, kuma ranar da za a tace sakamakonka babu wanda zai tuna ya faɗa. Idan littafin bai fito da maganar fili ba, rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodinetan, ka nemi a tabbatar maka. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya, ka adana.

Wani abin da na ga ya cuci mutane: ba wa mai shagon kwamfuta lambar sirri ya yi musu rijista. Yaron shagon ya yi wa mutum arba'in a ranar, duk da jeri ɗaya, zai danna maka irin nasu ya miƙo takarda. Zauna kusa da shi, ko ka yi da kanka a waya. Bayan an buga kos fom, karanta lamba bayan lamba, a sa hannu a duk inda ake sa hannu, ka miƙa kwafin sashe, ka riƙe naka. Kwas ɗin da ka zauna jarrabawarsa ba tare da yana cikin fom ɗinka ba, kamar ka yi noma a gonar wani ne. Wanda kuma ka sa a fom ba ka zauna ba, F ce za ta fito. In ka ga kuskure, akwai ɗan lokacin da ake buɗewa na ƙara kwas ko cire shi, kuma ba ya daɗewa.

Lissafin maki, da dalilin da ya sa zangon farko ya fi ciwo

Mafi yawan jami'o'inmu suna kan ma'aunin maki biyar. Daga 70 zuwa sama A ce, maki 5. Daga 60 zuwa 69 B, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C, maki 3. Daga 45 zuwa 49 D, maki 2. Daga 40 zuwa 44 E, maki 1, a inda ake amfani da ita. Ƙasa da haka F, babu komai. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi rijista, abin da ya fito shi ne CGPA ɗinka. Daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50. Ta biyu babba daga 3.50 zuwa 4.49, ta biyu ƙarama daga 2.40 zuwa 3.49, ta uku daga 1.50 zuwa 2.39.

Mu ɗauka kai da abokinka ɗan UTME kun yi kwas shida a zangon farko na aji biyu, kowanne yunit uku, jimilla 18. Sakamakonku ya zo iri ɗaya: A ɗaya, B biyu, C biyu, F ɗaya. Maki 57 ke nan. Kai za a raba 57 da 18, ka tashi da 3.17. Shi kuwa yana da ajiya daga aji ɗaya, a ce yunit 36 a kan 4.00, wato maki 144. Idan aka haɗa, 201 a raba da 54, ya tashi da 3.72. Jarrabawa ɗaya, sakamako ɗaya, shi yana daraja ta biyu babba, kai kana ƙarama. Da F ɗin nan C ce, da kana kan 3.67.

Makin da ka samu a NCE ko difloma ya kawo ka bakin ƙofa ne ya juya, ba ya shiga wannan lissafin. Kuma zangon farkon nan shi ne wanda ɗan DE ya fi zuwa a makare, domin sau da yawa sunayensu na fitowa bayan an fara lacca. Ka zo ka tarar an yi gwaji ɗaya, an ba da aikin gida, 'yan aji sun san halin kowane malami. Kada girman kai ya hana ka. Na san akwai nauyi mutum ya koyar a firamare shekara uku sannan ya zo yana roƙon yaro ɗan shekara sha tara littafin rubutunsa, amma roƙi. Je wurin kowane malami da takardar shigarka mai ɗauke da kwanan wata, ka nemi a ba ka damar rama gwajin da ya wuce ka. Makin gwaji da aikin gida yakan kai 30 ko 40 cikin ɗari, wanda ya rasa shi ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya.

A jami'o'i da yawa F ba ta gogewa ko ka dawo ka ci kwas ɗin da A. Yunit ɗin sau biyu za a ƙirga maka shi.

Kariyoba da zangon da ba ka makaranta

Wannan wurin ku karanta shi sau biyu. Kwas ɗin zangon farko a zangon farko kawai ake yin sa, na biyu ma haka. Idan ka faɗi, sai shekara ta zagayo. Kuma kariyoba, wato kwas ɗin da ka faɗi za ka maimaita, ita ake fara sawa a fom kafin sababbin kwasa-kwasai, tana cin wuri a cikin yunit 24 ɗin nan.

To a sassa da yawa na kimiyya, zango na biyu na aji uku ɗalibi ba ya makaranta, yana SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata na kimanin wata shida ƙarƙashin kulawar hukumar ITF. Duba abin da hakan ke nufi gare ka. Ka faɗi kwas a zango na biyu na aji biyu. Shekara ta zagayo kana wurin koyon aiki, ba ka da damar zama. Dama ɗaya ta rage, zangon ƙarshe na aji huɗu, lokacin da furojet, wato aikin bincikenka na kammalawa, ke wuyanka. In ka sake faɗuwa, ko ya ci karo da wani kwas, shekara guda ta ƙaru saboda abu ɗaya. Don haka jarrabawar zango na biyu a shekararka ta farko, ka ɗauke ta tamkar jarrabawar fita. Masu injiniyanci su lissafa nasu da aji huɗu.

Wanda ya zo da ND kan ce ai ya yi koyon aiki a kwalejin fasaha, mai NCE ya ce ai ya yi koyarwar gwaji. Kwas ne mai yunit a cikin digirin, kuma galibi sai an sake. Ka kula da littafin rahoton aiki, a sa hannu mako-mako, a buga hatimin ma'aikatar. Wanda ya bari sai daren miƙawa ya zauna ya cike wata shida da biro ɗaya, masu dubawa sun ga irinsa ɗari.

Akwai kuma iyakar zama. Ƙa'idar da aka saba da ita a digiri mai shekara huɗu ita ce zango goma sha biyu ga ɗan UTME, goma ga wanda ya fara daga aji biyu. Idan rashin lafiya, haihuwa ko rashin kuɗi ya tilasta maka tsayawa, rubuta takardar jingine karatu kafin ka tafi, ka jira amsa. Wanda ya ɓace shiru, agogonsa na tafiya.

Mai canjin jami'a

Naka ya fi na ɗan DE sarƙaƙiya, domin kai ana auna kwas da kwas ne. Mun ga haka da yawa bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, aka kwaso ɗalibanmu daga Khartum, da yawansu 'yan Arewa, ga kuma waɗanda suka baro Yukren a 2022. Wasu sun kai aji huɗu a can, suka dawo aka ajiye su a aji biyu ko uku. Akwai kuma na cikin gida: aure ya kai yarinya wani gari, an canza wa mahaifi wurin aiki, ko kuɗin jami'a mai zaman kanta ya gagara.

Ƙa'idar NUC a nan a bayyane take. Kwasa-kwasan da ka riga ka ci, kuma sabon sashen ya ga sun dace da manhajarsa, su kaɗai za a ƙirga maka. Ba za a ba ka digiri ba sai ka yi aƙalla shekarar karatu biyu, wato zango huɗu, a sabuwar jami'ar. Kuma majalisar jami'a, wadda ake kira Sanet, ita ke da maganar ƙarshe bayan tsangaya ta ba da shawara.

Fara da tiranskirif, wato takardar sakamakon duk kwasa-kwasan da ka yi. Daga ofishin tsohuwar jami'a zuwa ofishin sabuwa yake tafiya, wanda ka riƙo a hannu na dubawarka ne kawai. Biya kuɗinsa da wuri, ka bi sawu, don yana iya cin watanni. Haɗa da bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa daga littafin tsohon sashenku, domin sunan kwas kaɗai ba ya gamsar da kwamiti. Kwas biyu na iya zama suna ɗaya, amma can yunit biyu ne nan uku, sai a ce ka sake. In takardunka da Larabci ko Faransanci suke, sai an fassara su fassarar da jami'ar ta amince da ita.

Bayan an karɓe ka, kada ka zauna sai ka samu takarda mai nuna ajin da aka sa ka, da jerin kwasa-kwasan da aka amince da su, da waɗanda za ka rama. Sannan ka tambaya a rubuce: tsohon makina zai shiga CGPA ɗina, ko daga sifili zan fara? Jami'o'i sun sha bamban a kan wannan, kuma amsar ce za ta nuna maka irin gudun da za ka yi. Haka ma wanda ya canza sashe a cikin jami'a ɗaya, shi ma ya nemi irin wannan takardar.

JAMB da sauran takardu, tun kana aji biyu

Mutum na iya cin kowane kwas, amma takarda ta riƙe shi a bakin ƙofar fita. Tun 2017 JAMB ke tafiyar da ba da gurbin karatu ta manhajar CAPS. Shiga shafinka ka tabbatar ka karɓi gurbin a can, ka buga takardar shiga ta JAMB, ka ga jami'a da fannin da ke kanta su ne ainihin inda kake zaune. Daga baya ka duba ko sunanka ya hau jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar, domin da wannan jerin hukumar NYSC ke aiki. In ka canza fanni ko jami'a, sai an gyara a wurin JAMB ma. Hukumar ta tsaurara matuƙa a kan gurbin da aka bayar ta bayan fage, don haka in ka ga ba ka ciki, je ofishin shigar da ɗalibai na jami'arku a wannan makon, kada ka jira aji huɗu.

Ɗan DE yakan kasance da lambar JAMB biyu: tsohuwar da ya shiga kwaleji da ita, da sabuwar ta DE. Ta DE ɗin ce ta digirinka. Duk fom ɗin da aka ce ka rubuta lambar JAMB, ita za ka rubuta.

Jami'a za ta aika kwalejin da ka fito a tabbatar da takardarka. In da sakamakon wucin-gadi ka shigo, koma ka karɓo ainihin shaidar tun da wuri, ka biya duk bashin da kwalejin ke bin ka, kada su riƙe amsa. Haka sakamakon sakandare: kiredit biyar har da Turanci da lissafi a mafi yawan fannoni, a zama bai wuce biyu ba, na WAEC, NECO, NABTEB ko NBAIS a inda ake karɓarsa. Babbar takarda ba ta rufe giɓin ƙarama. In akwai giɓi, sake zama jarrabawar yanzu, ka tambayi jami'ar ko za ta karɓa.

Sai suna da ranar haihuwa. Jera takardunka a kan tabarma: ta sakandare, ta kwaleji, ta JAMB, ta jami'a, da katin NIN. Mu Hausawa wannan na damun mu ƙwarai. Nan Muhammad, can Mohammed. Nan sunan mahaifi ne a ƙarshe, can sunan gari. Mace ta yi NCE da sunan mahaifinta, ta shigo jami'a da na miji. Duk bambancin da ka gani, gyaransa a aji biyu ɗan zirga-zirga ne, a aji huɗu kuwa yana iya sa rukunin bautar ƙasa ya tafi ya bar ka.

Shekarar ƙarshe

A makon farko na aji huɗu, kafin ka yi rijista, ɗauko takardar nan mai gida shida da duk kos fom ɗinka da sakamakon kowane zango, ka je wurin jami'in jarrabawa. Ce masa kana so a duba ko akwai abin da ake bin ka. Minti goma ne. Da na yi wannan minti goman, da ban ƙara shekara ba, domin kwas ɗin nawa na zangon farko ne, kuma akwai sauran wuri a fom ɗina.

Tara yunit ɗin da ka ci, ka haɗa da waɗanda za ka ɗauka bana, ka ga ko sun kai. Ɗan DE kan ci duk na tilas amma jimillar ta gaza da yunit biyu ko uku, saboda ya yi rowar kwasa-kwasan zaɓi. Wasu sassan ma suna sharɗanta a ɗauki wani adadi daga wajen sashe. In kuma lissafin ya haura 24 saboda kariyoba, rubuta takardar neman ƙarin yunit nan take. Wasu jami'o'in na ba ɗan ajin ƙarshe wannan rangwamen.

Sakamakon da bai fito ba, bi shi tun yana sabo. Rubuta ƙorafi ta hannun sashe, ka haɗa da kwafin kos fom da katin jarrabawa. Takardar halarta da ka sa wa hannu a ɗakin jarrabawa ita ce shaidarka, shi ya sa ba a fita ba a sa hannu ba. An fi samun wannan matsala a kwasa-kwasan gama-gari, inda dubban ɗalibai ke zama, kuma lambar ɗan DE ba ta bin jerin ta 'yan aji ɗayan da ya zauna da su.

Furojet kuwa, kama safabaizanka tun zangon farko, ka riƙa kai babi ɗaya-ɗaya. Ka ajiye kwafinsa a kwamfuta da imel, domin tun daga watan Oktoba na 2025 gwamnatin tarayya ta sa ɗora aikin binciken ɗalibi a rumbun intanet na ƙasa mai suna NERD cikin sharuɗɗan tafiya bautar ƙasa.

Gama jarrabawa da rubuce-rubuce a farar riga bai sa ka kammala ba. Sakamako zai bi ta sashe, ya je tsangaya, sannan Sanet ta amince, kuma ranar kammalawar da jami'a ta tura ita NYSC ke dubawa. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammalawa, takardar yafewa ake ba shi maimakon kaki. Wannan ya fi shafar 'yan DE, tunda sun ci shekaru a kwaleji, wasu sun yi aiki a tsakani, ga yajin aikin ASUU irin na 2022 da ya ci wata takwas. In kana kan gaɓa, zango ɗaya na sifiloba ya isa ya tsallakar da kai. Wanda kuma ya riga ya yi bautar ƙasa da HND, sau ɗaya ake yi, tsohuwar takardarsa ce shaidarsa.

Sai kiliyarans, wato bin ofis-ofis a tabbatar ba a bin ka komai: sashe, tsangaya, laburare, ofishin kuɗi, ofishin harkokin ɗalibai, ɗakin kwana in ka zauna. Ofishin kuɗi zai nemi rasit na kowace shekara, don haka duk takardar Remita da ka biya da ita tun ranar farko tana cikin jakar nan, tare da hotonta a waya. Ranar da aka miƙo maka takardar sakamako, kada ka fita daga ofishin sai ka karanta ta a tsaye: rubutun suna, lambar ɗalibi, fanni, darajar digiri, da shekarar kammalawa. In harafi ɗaya ya kauce, miƙa musu abinsu a wurin, kafin a tura jerin sunaye Abuja.